Inbata A Cikin Mota: Abin Da Ya Kamata Direbobinmu Su Sani Kafin Su Saya

Duk wanda ya bi ta Ogere da daddare, a kan babbar hanyar Ikko zuwa Badun, zai ga tireloli da tankoki jere reras, galibinsu kuwa na 'yan Arewa ne. A cikin kan mota wani na kallon talabijin, wani ya kunna fanka saboda zafi da sauro, wayoyi kuma na jone suna caji. Haka abin yake a Apapa, inda ko bayan da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta fito da tsarin Eto a 2021, direba yakan yi kwanaki yana jiran a kira shi lodi. To, abin da ke ba su wutar nan shi ne wani ɗan akwati da ake kira inbata.

Aikin inbata shi ne ta karɓi wutar batir ta juya ta ta koma irin ta gida, watau bolt 230 da jama'a har gobe ke kira wutar Nefa. Amma fa ba kowace ce ke dacewa da kowace mota ba. Ƙananan motoci da ƙananan bas-bas bolt 12 suke amfani da shi, yawancin tireloli kuwa 24, domin batir biyu ake haɗa musu. Wanda ya jona inbata mai 12 a kan 24 ya ƙone ta nan take. Wanda kuma ya yi dabarar jona ta a batir ɗaya cikin biyun, to, wannan ɗayan zai riga ɗan'uwansa mutuwa. Haka nan akwai 'yan gwanjo da ake kawowa daga Amurka, masu ba da bolt 110 ko 120, waɗanda ba su dace da yawancin kayan ƙasar nan ba. Duk wannan a rubuce yake a jikin akwatin, don haka wanda zai je Alaba ko Ladipo ya duba da kyau, ko ya tafi da mai karanta masa.

Sai batun ƙarfi, wanda ake aunawa da wat. Cajar waya ba ta cika wuce wat 25 ba, kwamfutar cinya 45 zuwa 90, amma butar dafa shayi takan ci 1,500 ko fiye. Mutum ya tara abin da zai kunna lokaci guda, ya ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, sa'an nan ya nemi inbata mai wannan ƙarfin. A nan ne 'yan kasuwa ke yi wa mutane wayo, domin lamba biyu ce a kwalin: babba, wadda inbata ke iya ɗauka na ɗan ƙiftawar ido, da ƙarama, wadda take iya riƙewa wuni guda. Ƙaramar ita ce abin dubawa.

Inbata kuma iri biyu ce. Mai araha wutarta ba sumul take ba, takan sa fanka gurnani da zafi, ta kuma lalata wasu cajoji. Mai tsadar, wadda aka rubuta wa Pure Sine Wave, ita ce wutarta ta yi daidai da ta gida. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Ramin kunna taba da ke gaban mota ba ya ɗaukar fiye da wat 150 ko kusa da haka. Abin da ya wuce nan sai a ja waya mai kauri daga batir kai tsaye, a sa fiyus dab da batirin, kuma riwaya ne zai yi aikin, ba yaron mota ba. Siririyar waya takan yi zafi ta narke, direban tankar mai kuwa ya fi kowa sanin abin da tartsatsi ɗaya ke haifarwa. Kada kuma a tura akwatin ƙarƙashin katifa ko tsummoki, iska yake bukata.

Babban abin da ke jawo rigima tsakanin direba da maigidansa shi ne batir. Lissafin mai sauƙi ne: a mota mai bolt 12 a raba wat gida 10, a mai 24 a raba gida 20, abin da ya fito shi ne amfiya da ake zuƙa. Ke nan kayan wat 100 a kan batir mai lamba 70 za su shanye rabinsa cikin awa uku da rabi. Batirin tada mota kuwa ba a yi shi don a riƙa tatse shi haka ba. Ranar da aka kira lodi kik ya ƙi, layi ya wuce, ga tirela ba ta turuwa.

Saboda haka tsofaffin direbobi sukan ajiye batir na daban don inbata, su kuma kashe ta kafin su kwanta, domin ko ba a jona mata kome ba tana shan wuta. Kuɗin batirin nan bai kai asarar lodi guda ba.