Wasan Tanis: Yadda Mai Yawan Ci Kan Sha Kaye

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, in ya zauna kallon tanis karon farko, lissafin ne zai fara ɗaure masa kai. Ɗan wasa ya ci sau ɗaya, sai ka ji alƙali ya ce 15. Ya ƙara, 30. Ya sake ci, maimakon 45 sai a ce 40. Ni kaina na daɗe ina tsammanin kunnena ne ba ya ji daidai.

Bari mu fara da fili. Tsawonsa ƙafa 78 ne, faɗinsa ƙafa 27 in mutum biyu ke karawa, ƙafa 36 in biyu-biyu ne. Raga ta raba shi biyu, tsayinta ƙafa 3 a tsakiya. Mai sabis, wato mai buga ƙwallon farko, yakan tsaya bayan layin ƙarshe ya aika da ita a karkace cikin akwatin da ke ƙetaren raga. Dama biyu gare shi. Ya ɓata duka biyun, ci ya tafi ga abokin karawarsa. Daga nan sai mayar da bugu. Wanda ya bar ƙwallo ta dira sau biyu a gefensa, ko ya buga ta a raga ko waje, shi aka ci. Wadda ta taɓa layi kuwa, ko da gefenta ne, tana ciki.

Ci na huɗu, bayan 40, shi ke ba mutum "gem" ɗaya. Amma fa in duka biyun suka kai 40, abin da ake kira "diyus", to sai wanda ya ci sau biyu a jere. Ka ci ɗaya, abokinka ya rama, an koma diyus ke nan, ko sau goma ne. Gem shida da ratar biyu su ne "set" ɗaya. In aka yi 6-6 sai a yi bugun raba gardama, inda ake ƙidaya 1, 2, 3 har zuwa 7, nan ma da ratar biyu. Wanda ya fara cin set biyu shi ya yi nasara, sai dai maza a manyan gasa huɗu na duniya, su set uku suke nema.

Mai karatu, ka lura babu agogo a wannan wasa. Ba mai riƙe ƙwallo yana jiran busar tashi. Kuma da zarar an gama set, duk cin da ka tara a cikinsa an share, a sake daga sifiri. A ganina wannan ne daɗin tanis, shi ne kuma zafinsa.

Dubi wasan ƙarshe na Wimbildon a Landan a 2019. Roger Federer na Suwizalan ya ci sau 218, Novak Djokovic na Sabiya sau 204. Federer gem 36, Djokovic 32. Amma Djokovic ne ya ɗaga kofi. Set biyun da Federer ya ci, da rata ya ci su, 6-1 da 6-4, ratar kuwa ba ta bin mutum zuwa set na gaba. Ukun da Djokovic ya samu, dukkansu a bugun raba gardama ne. A set na biyar Federer na gaba da 8-7, sabis a hannunsa, lissafi 40-15. Ci ɗaya tak ya rage masa, dama biyu. Duka suka kuɓuce, aka tashi 13-12 bayan kusan awa biyar.

A da, set na ƙarshe a Wimbildon ba shi da bugun raba gardama. Shi ya sa a 2010 John Isner na Amurka da Nicolas Mahut na Faransa suka yi awa 11 da minti 5 cikin kwana uku, kafin Isner ya ci set na biyar 70-68. Tun daga 2022 manyan gasannin huɗu sun bi doka ɗaya: in set na ƙarshe ya kai 6-6, sai bugun raba gardama zuwa 10, da ratar biyu.