Yadda Kumburin Hanji Kan Zama Sankara

'Yan'uwa ɗalibai, a hutun da ya wuce na tarar da kawuna ya rame ƙwarai. Shekara tara ke nan yana fama da zawo da jini, mutanen gida kuwa suna cewa basir ne. Da muka kai shi asibiti, likita ya ce cikin babban hanjinsa ne ya kumbura ya yi miki, kuma lalle a riƙa duba shi a kai a kai don gudun sankara. Na yi mamaki, na ce ina ruwan zawo da sankara? Abin da na koyo daga baya shi ne na ga ya kamata in gaya muku.

Babban hanjin mutum ya kai tsawon ƙafa 5. An shafe cikinsa da ƙananan ƙwayoyi jeri ɗaya tak, suna tsaye kamar tubalan katanga, kuma jiki yakan sabunta su cikin kwana 5 ko ƙasa da haka. Abin da ke riƙe su da juna wani irin furotin ne mai danƙo, ana ce da shi kadarin. Shi ne kwaɓin da ke tsakanin tubalan. Muddin yana da ƙarfi, ƙwayoyin cuta da ke cikin hanji ba su samun ƙofa.

In katangar nan ta tsage, sai jiki ya kira dogarawansa, watau fararen ƙwayoyin jini. To, yaya za su san inda za su tsaya, ga jini yana gudu da su? Ku tuna da mai kwalekwale a kogi. In zai sauka, yakan kama ciyawar gaɓa ya rage gudu, sa'an nan ya ɗaure igiya. Haka farar ƙwaya take yi. Jijiyar wurin da ya kumbura takan fito da furotin mai suna silaktin, ƙwayar ta riƙa mirginawa a kansa. Daga nan sai ta manne sosai da nata furotin, intagirin, ta kutsa ta bangon jijiya ta shiga naman hanji.

In an yi yaƙin an gama, ba laifi. Amma a ciwo irin na kawuna dogarawan ba su komawa gida. Suna ta zubar da guba don kashe abokan gaba, gubar kuwa tana taɓa ƙwayoyin hanjin kansu, tana ɓata rubutun gado da ke cikinsu. Suna kuma aika saƙo cewa a yi ta haihuwar sababbin ƙwayoyi don a toshe mikin. Mu malamai mun san abin da kan faru in aka sa yaro ya kwafi darasi sau ɗari cikin gaggawa daga allon da ya goge. Kuskure zai yi yawa. In kuskuren ya faɗa a kan abin da ke tsawata wa ƙwaya ta daina rabuwa, sai ta yi ta yaɗuwa ba mai hana ta. In kadarin ma ya ragu, sai ta ɓalle daga 'yan'uwanta ta shiga yawo cikin jiki. Sankara ke nan.

Tun a 1863 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya ga fararen ƙwayoyi cikin tsiron sankara, ya yi zaton daɗaɗɗen kumburi ne asalinta. Amma kada mu yi musu mummunar shaida duka. A 2006 masana a Faransa sun nuna cewa masu sankarar hanji waɗanda wasu irin fararen ƙwayoyi suka cika tsironsu sun fi daɗewa da rai, domin waɗannan su ne masu farautar ƙwayoyin sankara. Sanin aikin intagirin kuma ya kawo magani. A 2014 aka yarda da vedolizumab a Amurka, wanda ke toshe intagirin ɗin da ke kai fararen ƙwayoyi hanji, kumburi ya lafa.

Yawancin masu wannan ciwo ba su yin sankara. Hatsarin yakan fara ƙaruwa bayan shekara 8 zuwa 10, shi ya sa likitoci ke fara leƙa hanjin da siririn bututu mai fitila a wajen wannan lokaci. Atuni na kwana kaɗan kuwa wani abu ne dabam.

Gobe za a rarraba mu ƙauyuka, kuma mutane za su riƙa tambayarmu har abin da ba na aji ba. In wani ya ce muku ya yi makonni yana ganin jini a bayan gida, kada ku ce masa basir ne. Ku ce ya je likita ya duba shi. Kawuna yana shan magani, ya fara komawa gona. Allah ya ƙara mana lafiya.