Tsohon Nagatif: A Kwafe Shi a Gida ko a Tura Birni?

Mai hoton da ya lulluɓe kansa da baƙin mayafi a bayan kyamara mai ƙafa uku ya bar wa magadansa abin da ya fi hoton bango daraja, wato nagatif. Babbansa, mai inci 4 da 5, ya kai tafin hannu. Idan aka kwafe shi a sikana bisa ɗigo 2,400 a kowane inci, hoton zai haura megafiksel 100, har zaren aska takwas a wuyan riga sai an ƙirga. Da irin wannan fim, mai santimita 13 da 18, Seydou Keïta ya yi aiki a Bamako tun 1948, kuma domin ya adana nagatif ɗinsa ne duniya ta san shi bayan 1990.

A Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya tuƙe a 1929, da Shinkafi da Zurmi, duk wanda ya gaji akwatin nagatif yana da zaɓi biyu: ya kwafe a gida, ko ya tura wa kamfanin ƙwararru a birni. Kamfanin ƙwararru ya fi fitar da abin da ya ɓuya a duhun hoto, babu ja. Amma nagatif ba shi da na biyu, ga halin da 'yan bindiga suka jefa hanyoyinmu a ciki. Bai kamata a ɗauki gadon gida gaba ɗaya a damƙa wa direba a tasha ba.

Aikin gida ma da wahalarsa. Sikanar shagon fotokwafi ba ta yi, domin fim yana son haske ta bayansa. Wadda ke yi, kamar Epson V850, kuɗinta ba na wasa ba ne, ga wuta sai an dogara da sola. Babbar abokiyar gaba kuwa ƙurar hunturu ce: ƙwaya ɗaya ta sauka a fim, sai ta fito farin tabo a goshin amarya. A riƙe fim ɗin ta gefe, a hure da robar hura iska, kada a goge da bakin riga.

Ni dai ina ganin a fara kwafe komai a gida, ko da kyamara ce da farin haske a ƙarƙashi, sannan a tura kaɗan da suka fi muhimmanci. Wanda ya fara wari mai tsami, ya soma lanƙwashewa, sinadarinsa ne ke ruɓewa, kuma zafin bazara na ƙara masa sauri. Shi za a ware daga sauran, da shi kuma za a fara.