Kashe Lambobin Ƙasa Tukuna: Yadda Ake Warware Aljabara Mai Rabi da Sulusi

Yau shirin na masu shirin WAEC da NECO da JAMB ne, musamman waɗanda da sun ga x a saman layi, wata lamba a ƙasa, sai gabansu ya faɗi. Ku ɗauko biro da takarda, don wannan ba na saurare a kwance ba ne.

Bari in fara da tonon silili a kaina. Ni ɗin nan D7 na ci a lissafi a zaman farko. Sauran darussa duk na samu kiredit, amma dokar a wancan lokacin ita ce: kiredit biyar, dole da Turanci da lissafi a ciki, in ba haka ba jami'a sai dai ka gan ta daga waje. Shekara guda cur na yi a shagon kawuna a nan Tirkaniya ina auna shinkafa da garin kwaki, abokaina suna dawowa hutu suna ba ni labarin lakca. To, shekaranjiya da daddare an ɗauke wuta, ina zaune da ƙanwata da ke aji shida muna haska littafi da fitilar waya, sai na ga ta yi kuskuren nan dai da ya kayar da ni. Sak! Shi ya sa na ce sai mun yi maganarsa.

Mu fara da abin da kowa ya sani. A ce Umma ta kwashi adashe. Rabi ta biya kuɗin makaranta, sulusi ta sayi masara, ya rage mata naira 5,000. Nawa ta kwasa? Kuɗin da ba mu sani ba mu kira shi x:

x − x/2 − x/3 = 5,000

Abin da ke ba mutane tsoro shi ne 2 da 3 ɗin nan da ke ƙasa. To kada ka yi kokawa da su, kashe su za ka yi. Nemi ƙaramar lambar da 2 za ta shiga cikinta ba saura, 3 ma ta shiga ba saura. Ita ce 6, wadda malamai ke kira LCM. Sai ka ninka kowane yanki da 6:

6x − 3x − 2x = 30,000

x = 30,000

Gwada mu gani: rabi 15,000, sulusi 10,000, saura 5,000. Ya cika cif.

Me ya ba mu izinin yin haka? Alamar "daidai da" sikeli ce, irin ta mai nama. Duk abin da ka yi wa hannun hagu, ka yi wa na dama, sikelin ba zai karkata ba. Amma ka kula, na ce KOWANE yanki. Har wanda ba shi da lamba a ƙasa. A nan ne ake mutuwa.

Ga irin wadda ta kama ƙanwata:

(2x − 1)/3 − (x − 3)/4 = 5

Lambobin ƙasa 3 da 4, LCM ɗinsu 12. A yankin farko, 3 ta shiga 12 sau 4, saboda haka ya zama 4(2x − 1). A na biyu, 4 ta shiga 12 sau 3, ya zama 3(x − 3). Ita kuma 5 da ke zaune ita kaɗai a dama, sau 12, ta zama 60.

4(2x − 1) − 3(x − 3) = 60

Ita ƙanwar tawa ta yi na hagu lafiya lau, sai ta bar 5 yadda take. Ta gama ta samu x = 0, har tana murna wai "Yaya, ai ta fita tas." Na ce mata mayar da sifilin cikin tambayar mu gani. Ta mayar, ya ba ta 5/12 maimakon 5. Ta yi shiru, sannan ta ce "wallahi 5 ɗin ce ban gani ba." Ta gan ta mana. Kawai ƙwaƙwalwa ce ke raya maka cewa tunda ba ta da matsala, ba sai an taɓa ta ba.

Tarko na biyu ya fi wannan sharri, kuma shi ne nawa na da. Dubi alamar ɗebewa da ke gaban 3(x − 3). Ba 3 za ka shigar cikin baka ba, −3 ce. −3 sau x ya ba da −3x. −3 sau −3 kuma ya ba da +9, ba −9 ba. Ɗauke shi kamar bashi: in ana bin ka naira uku a wuri uku aka ce an yafe, ai ƙaruwar tara ka yi. Don haka:

8x − 4 − 3x + 9 = 60

5x + 5 = 60

5x = 55

x = 11

Mayar da 11: sama ta farko 21, a raba 3, ya ba da 7. Ta biyu 8, a raba 4, ya ba da 2. Bakwai a ɗebe biyu, biyar. Shi ke nan. Wanda ya rubuta −9 kuwa zai ƙare da 5x = 73, ya samu 14.6, ya hau zargin kalkuleta. Maganin abin ɗaya ne: layin nan mai baka, ka rubuta shi a takarda, kada ka tsallake shi a ka don sauri. Layin sama da ƙasa shi kansa baka ne a ɓoye, da ka cire shi dole ka sa baka a madadinsa.

Masu son "kuros" kuma, wato ninka sama da ƙasa a gicciye, ku yi hattara. Yana aiki ne kawai in kaso ɗaya ne a hagu, ɗaya a dama, kamar (x + 1)/3 = 4/2. Da an samu yanki na uku, ku koma LCM.

Wani ɗan ratse, don ina jin haushin masu cewa aljabara kayan Bature ne. Sunan ma daga Larabci ya fito, al-jabr, daga littafin da Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun. Ma'anar kalmar gyara abin da ya karye, har ɗorin ƙashi ana kira da ita. Babu x ko ɗaya a littafin, da zance yake warware komai, kuma babban kaso na littafin a kan rabon gado da wasiyya yake. Kalmominmu na sulusi, rubu'i, sudusi da sumuni duk daga Larabci muka same su. Malamin zauren da ke rabon gado, in ya ga mai sudusi da mai sumuni, sai ya kafa lissafinsa a kan 24. Me ya yi? LCM na 6 da 8 ya nemo.

Sai dabarar ɗakin jarrabawa. A JAMB tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, kusan daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. In ka rikice, ɗauki amsoshin da aka jera ka riƙa cusa su a wurin x, wadda ta daidaita sikeli ita ce. Amma a takardar WAEC ta biyu, wadda ake rubuta aiki dalla-dalla, ana ba da maki a kan hanya, ba amsa kaɗai ba. Ko ka yi tuntuɓe a ƙarshe, layin da ka ninka da 12 daidai zai iya kawo maka wani abu. Wanda ya dire amsa tsirara kuwa, ko ta yi daidai, yana iya asarar makin hanya.

Ga aikin gida, shi na bar wa ƙanwata ma, kuma na ce mata ba kallon fim sai ta kawo:

(3x + 1)/2 − (x − 4)/5 = 13

Tarkunan nan biyu duk suna ciki. Amsar lamba ce cikakkiya, ba ɗigo, kuma ba ta kai goma ba. In ka samu mai ɗigo, koma ka duba alamar da ke gaban baka ta biyu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, inda x ɗin da kansa zai koma ƙasan layi.