Bin Silsilar Wifi Don Gano Inda Rauni Yake

A ƙasar Tagriss, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, inda garuruwa suke nesa da juna, kuma masu na'urori da yawa suka dogara ga hasken rana da batir, duk wanda ya ajiye akwatin wifi a gida ko a shago, ko layin Airtel ko Moov ko Zamani ya sa masa, ko kuwa ya haɗa shi da Starlink wanda ya fara aiki a Nijar a 2025, ya san kukan nan na "rezo ya tafi". Bisa ga al'ada kamfani ake ɗora wa laifi, alhali kuwa sau da yawa illar tana cikin ɗakin mai kukan.

Abin da ya sauƙaƙa tahƙiƙi a wannan babi shi ne manhajar nan OpenWrt, wadda aka ƙaddamar a 2004, bayan da kamfanin Linksys ya saki asirin manhajar akwatinsa WRT54G, domin an gina ta ne a kan Linux, wanda sharaɗinsa ya wajabta wa duk mai rarraba shi ya bayyana abin da ya rubuta. Fa'idarta ita ce, idan aka ɗora ta a akwati, ba ta ɓoye wa mai ita kome: da ya buga 192.168.1.1 sai shafinta mai suna LuCI ya buɗe, ya ga halin da akwatin yake ciki filla-filla.

Ƙa'idar binciken kuwa irin ta malaman hadisi ce, waɗanda ba su yanke hukunci a kan ruwaya sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum, sun gano mai rauni. Silsilar nan gaɓa uku gare ta: daga waya zuwa akwati, sa'an nan akwatin kansa, sa'an nan daga akwati zuwa kamfani. Da umurnin ping ake jarraba su. Idan aka aika shi daga waya zuwa 192.168.1.1 amsa ta riƙa yankewa, to babu ruwan kamfani. Idan kuwa wannan ya tafi lafiya, amma aka aika zuwa adireshin waje irin 8.8.8.8 aka ji shiru, galibi matsalar tana waje.

Gaɓar farko, maƙiyanta katangar laka mai kauri da rufin kwano, domin laka tana shanye igiyar rediyo, ƙarfe kuma yana mayar da ita baya. Saboda haka akwatin da aka cusa a lungu, ƙasa, bayan buhunan hatsi, ba zai kai tsakar gida ba, sai a ɗaga shi sama a tsakiyar wurin da ake zama. Zangon 5 GHz ya fi sauri, amma na 2.4 GHz ya fi ratsa bango, kuma a cikinsa tashoshi 1 da 6 da 11 ne ba su hawan juna. Sai a zaɓi wadda maƙwabta ba su cika ba, a tsayar da faɗinta a 20 MHz, a kuma sa NE a gurbin ƙasa, don akwatin ya bi dokar Nijar.

Gaɓa ta biyu ita ce aka fi gafala da ita, ita ce kuma ta fi damun mutanen karkara. Yawancin akwatunan nan volt 12 suke so, kuma idan dare ya yi nisa batir ya yi sanyi, ko aka kunna talabijin da fanka a kan wayar wuta ɗaya, sai wutar ta faɗi na ƙiftawar ido, akwatin ya mutu ya tashi ba wanda ya lura. Shaidar wannan tana shafin farko na LuCI, inda aka rubuta tsawon lokacin da ya yi a kunne: idan ya nuna minti goma, alhali tun asuba ba a taɓa shi ba, hujja ta tabbata a kan wuta ko zafi. Zafin bazara, wanda yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, yana haɗuwa da ƙurar hunturu da ta toshe ramukan iska, sai na'urar ta riƙa suma da azahar. Maganinsa inuwa, da share ramukan, da cire ƙyallen da aka lulluɓe ta da shi. Umurnin logread kuma yana fito da tarihin abin da ya auku tun tashin akwatin na ƙarshe, kowane da sa'arsa.

Gaɓa ta uku, abin da mai gida zai iya a kanta kaɗan ne, amma yana da amfani: ya matsar da akwatin layi kusa da tagar da ke fuskantar eriyar kamfani, sa'an nan ya ɗora tsarin SQM, wanda yake raba hanya da adalci, ta yadda mai sauke bidiyo ba zai shaƙe mai kiran ɗan'uwansa a Libiya ba. Ana sa masa iyaka ƙasa kaɗan da saurin da aka auna da maraice, lokacin cunkoso.

Sharaɗin da ya rage shi ne haƙuri: a ajiye kwafin saiti kafin a taɓa kome, a canja abu ɗaya tak, a rubuta shi a takarda, a bar shi ya kwana. Wanda ya canja biyar a zama ɗaya, ko da ya dace, ba zai san wanne ya yi aiki ba ranar da matsalar ta dawo.