Gafasa: Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka je duba ayyukan raya karkara

Ina take?

Gafasa ɗaya ce daga mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Ajingi, a gabashin jihar Kano, wajen iyaka da Jigawa. Daga birnin Kano ta Wudil ake bi zuwa Gaya, sannan a karkata Ajingi. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar sun ɗan haura 174,000, kuma akasarinsu da noma da kiwo suka dogara. A sarauta ƙasar tana bin Gaya, tsohon garin da ake cewa daga nan Abagayawa, maƙeran da suka fara zama a gindin Dala, suka fito.

Wane irin fari ke damun yankin?

Wanda ya zo a watan Agusta yana tsammanin ganin hamada zai sha mamaki, domin ko'ina kore shar ne. Matsalar a lokacin saukar ruwan take. Damina gajera ce, daga wajen Yuni zuwa ƙarshen Satumba, ƙasar kuma jigawa ce mai rairayi, ba ta riƙe laima. In aka yi shuka ruwa ya ɗauke mako biyu ko uku, tsiron ya ƙone, sai manomi ya sake neman iri, sau da yawa da bashi. In kuma ya ɗauke da wuri, lokacin da dawa ke fitar da kai, to wahalar shekara ta tafi a kara.

Dattawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, balle annobar 1975 da ta cinye gyaɗa a ƙasar Kano. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 ta ba su Kura da Bunkure noman rani, amma manomin tudu a gabas har yau sama yake kallo. Shi ya sa da an gama girbi samari ke fita cin rani.

Su wa ke kawo ayyukan?

Hukumar KNARDA ta jiha, mai malaman gona, tana nan tun farkon shekarun 1980. Shirin Fadama ya biyo baya a shekarun 1990. Na kwanan nan su ne KSADP, shirin noma da kiwo na jihar Kano mai dala miliyan 95 da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya tallafa wa, da ACReSAL na Bankin Duniya mai dala miliyan 700, wanda aka amince da shi a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Kada adadin ya ruɗe ka: kuɗin jiha ne gaba ɗaya ko na yanki. Abin da ya iso ƙauye ƙafa ce kawai ke tabbatar da shi. Ban da waɗannan akwai ayyukan 'yan majalisa, da na ƙungiyoyin ci gaban gari, waɗanda ba su da allo amma sukan fi daɗewa.

Me za ka duba?

Fara da ruwa, kuma ka je a Maris ko Afrilu, lokacin da rijiyoyi suka ja baya. Tsaya a bakin tuƙa-tuƙa ka kama hannun da kanka. In ya yi sakwa-sakwa yana tafiya ba nauyi, galibi robar da ke ciki ce ta cinye, gyaran da bai taka kara ya karya ba. Amma sai ka tarar an yi wata da watanni a haka, yara na wucewa da jarkoki zuwa wata unguwa. A burtsatse mai sola kuma, ɗaga kai ka ga ko faifan na nan, ka ƙwanƙwasa tankin ka ji.

Daga nan sai tambaya: wa ke riƙe da makulli? Ana tara kuɗin gyara, kuma a hannun wa? Makanike a ina yake? A ganina nan ne ake gane aiki. Inda mutane suka sa gumi ko sisinsu tun farko, ko da yashi ne suka ɗebo a aikin gayya, ba su jiran gwamnati in abu ya lalace. Inda kuwa ɗan kwangila ya haƙa, aka yanke ƙyalle aka watse, sai ka ji ana ce masa "famfon gwamnati".

Wasu abubuwan masu amfani ba sa ɗaukar ido. Geron SOSAT yana nuna da wuri. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba, manomi ya ajiye har farashi ya tashi. Ga kuma gawo, mai zubar da ganye da damina ya ba gona taki. A Maraɗi, tun shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon kututture suna yi masa aski maimakon sarewa, har miliyoyin kadada suka farfaɗo a kudancin Nijar.

Ladabin ziyara

Ka fara gaida dagaci ko mai unguwa. Ka tafi da mace a tawagarka, domin matan da ke cikin gida su suka san nawa ruwa ke ci kullum, kuma ba a dandali za ka same su ba. Kada ka ɗauki hoton kowa sai da izini. In ba ka da tabbacin dawowa da abin da aka roƙa, don Allah kada ka yi alkawari. Ka faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka.