Tarar Meta da Kuɗin Magani a Kalgo

A watan Yulin 2024 hukumar FCCPC, mai kare masu saye da hana babakere a kasuwa, ta ci kamfanin Meta, mai WhatsApp, tarar dala miliyan 220. Laifin shi ne wasa da bayanan 'yan Najeriya da kuma amfani da ƙarfin kasuwa, domin duk mai waya a Gwandu ya san ba shi da madadin WhatsApp. Kotun sauraron ƙararrakin gasa ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025.

Inshorar lafiya fa? A Amurka ana kukan cewa 'yan tsirarun kamfanoni irin su UnitedHealth sun mamaye harkar. Namu ciwon daban ne. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta 2022 ta wajabta wa kowa inshora, Kebbi kuma tana da hukumarta, KECHEMA, amma har gobe fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya a ƙasar nan daga aljihun mai ciwo yake fita. Manomin da ya kai matarsa asibiti a Kalgo, tunkiya yake sayarwa, ko buhun shinkafar da ya ajiye domin damina.

Ko ma'aikacin da ke da katin inshorar, sau da yawa ofishinsa ne ya zaɓa masa kamfani. In an yi jinkirin biyan asibiti, shi ke zaman jira a kan benci da takardar magani a hannu. A ganina wannan kasuwar ma ta cancanci idon FCCPC, kamar yadda ta sa wa Meta ido.